Kawu Mai Ginar Rijiya da Hoton da Ya Kai Gummi

Na Allah ne mu duka, Kawu kuwa ya riga mu komawa gare shi ranar wata Talata da hantsi, bayan jinyar shekara biyu da 'yan watanni. Yayan Innata ne. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Bukkuyum, shi ya sa duk yawon asibitin da aka yi da shi, ni aka ɗora wa. Ina rubuta wannan ne don na lura mutane sun fara tuna shi da ciwonsa kawai, kamar bai taɓa yin wata rayuwa ba kafin muryarsa ta dishe.

Zaman makokin bai yi hayaniya ba. Ƙauyenmu yana kusa da Abare a ƙasar Anka, kuma mutanensa sun yi binne-binne da yawa a shekarun nan, har kukan ma ya yi musu nauyi. Tsofaffin mata sai su shigo, su durƙusa, su ce, "Ya huta," su ɗan zauna, su tashi. Matar Kawu tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Da lokacin dama masa koko ya yi sai ta miƙe ta nufi madafa, ta tsaya a tsakar gida, sannan ta dawo ta zauna. Sau uku na ga ta yi haka rana guda. Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Ta dai riƙa gyara tabarmin da babu abin da ya same su.

Rana ta biyu wani dattijon Bafulatani ya zo da ƙafa daga rugarsu. Ya ƙi zama a zaure, ya ce sai an kai shi bakin ƙofa ya yi wa mata gaisuwa da kansa. Daga bayan zana ya ba mu labarin wani rani da karsanarsa ta faɗa tsohuwar rijiya, kowa ya ce a haƙura da ita. Kawu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, tun azahar yana ƙasa har la'asar ta wuce, yana zagaya mata igiya tana harbinsa, sai da aka jawo ta da rai. "Ya hito jini na zuba ga ƙwabrinai," in ji dattijon, "nic ce ya tsaya a wanke mai, yac ce shi sallarshi ka damunai." Da ya gama sai ya yi addu'a da Fillanci, ya tafi.

Madam ma ta zo daga Anka a kan babur, tsohuwar malamar firamarenmu, Kirista ce daga wata jiha. Ta yafa gyale, ta durƙusa a gaban matar Kawu, ita kaɗai ce ta yi kuka da sauti. Lokacin da aka turo ta ƙauyenmu, ɗakin malamai ba shi da ruwa, tana tafiya mai nisa da bokiti kafin ta shiga aji. Kawu ya gina mata rijiya a bayan ɗakin. Da wasu suka yi gunaguni, abin da ya ce kawai shi ne, "Ruwa za ta sha. Ku mi kuka sha?"

Ginar rijiya ita ce sana'arsa, fiye da shekara arba'in, daga ƙauyukan Anka har ƙasar Gummi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. Ba ya cin abinci kafin ya sauka. In tsohuwar rijiya za a yasa, sai ya fara zura fitilar ƙwai a kunne. In ta mutu a ƙasa, ko wa ya roƙe shi ba zai shiga ba sai an kaɗa mata iska. Yana ɗanɗana ƙasa da harshe, muna yara muna dariya. Magana ba ta dame shi ba. In yana ƙasa kalma biyu ce tasa, "Ja" in guga ya cika, "Saki" in yana son a sako, kuma da su ya saba ko a gida. In Inna ta tsawaita ƙorafi sai ya ce, "To, ja," ya tashi.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da baki mai zafi in ransa ya ɓaci, kuma ba ya komawa baya.

Babban ɗansa, taubashina, shi ke riƙe masa igiya tun yana saurayi. Da harkar zinari ta shigo, ya bar igiya ya koma dutse. Kamar kowa a lokacin, a gida yake daka shi, a kai injin niƙa, a dawo da garin a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. 'Yar taubashina tana cikinsu, shekararta biyu, ita ce jikar Kawu ta fari, wadda yake cewa amaryarsa. Da aka dawo daga maƙabarta, a gaban mutane, Kawu ya dubi ɗansa ya ce, "Kai kak kashe ta."

Bayan an zo an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa don kawar da dalmar, taubashina ya kwashe iyalinsa ya koma Gummi, ya koyi facin taya. Yakan aiko da gaisuwa ta bakin Inna. Kawu yakan ce, "Na ji." Haka aka yi shekaru.

Ciwon ya fara ne da kunnen hagu. Ya ce yana jin kamar ana daka a cikinsa, dare da rana, daidai da bugun zuciyarsa. Daga baya kunnen ya toshe. Sai murya ta dishe, aka ce sanyi ne, sanyin bai tafi ba. Sai ruwa ya fara ƙware shi. Mutanen gari suka ce dalma ce ta taso masa, tun da a gidansa aka yi daka. Ni da nake da takardar aikin lafiya, ni ma haka na ɗauka. Na sa aka auna jininsa, aka ga akwai ta kaɗan, kamar yadda za a gani ga yawancin manyan ƙauyen, na riƙe wannan na zauna a kai. Wata takwas ina kawo masa maganin ɗigawa a kunne da na ƙarin jini. Wannan yana nan a raina, ban kuma sami inda zan ajiye shi ba.

Maganar dalmar ta kai Gummi. Inna ta je ta roƙi taubashina ya zo ya duba mahaifinsa. Ya ce mata, "Gwaggo, da wane ido? Na kashe mai jika, yanzu ga shi nan shi ma." Bai zo ba.

Wani likita ne a Anka ya sa Kawu ya fito da harshe. Harshen ya karkata gefe guda. Ya sa shi ɗaga kafaɗu, ta hagu ta ƙi tashi daidai da 'yar'uwarta. Likitan ya jawo ni waje ya ce, "Wannan ba dalma ba ce. Kunne, murya, haɗiya, harshe, kafaɗa, duk gefe ɗaya. Jijiyoyinsu kusa da juna suke fita, ta ƙasan ƙoƙon kai. Akwai abin da ke danne su. Hoton ƙashi ba zai nuna shi sosai ba, sai na'urar MRI." Ya rubuta mana takarda zuwa Sakkwato.

Sau uku muka yi tafiyar nan. Wanda ya san hanyoyinmu a yanzu ya san me hakan ke nufi. Ba a fita sai rana ta ɗaga, sai motoci sun taru a tafi tare saboda 'yan bindiga, in la'asar ta yi kuma duk inda kake nan za ka kwana. Kowa a mota shiru, ido a kan daji. Kawu ba ya iya shan ruwa a cikin mota saboda ƙwarewa, sai in jiƙa masa tsumma yana tsotsa.

Zuwa na farko, rana kawai aka ba mu, aka ce a auna ƙodarsa tukuna, saboda allurar da za a yi masa don hoton ya fito sarai. Zuwa na biyu, mai ɗaukar hoton ya zaunar da shi da doguwar takarda yana tambaya. Ya bayyana mana cewa na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, duk ƙarfen da ke jikin mutum tana iya fizgarsa. Ko an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi? A'a. Harsashi? A'a. Ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido?

Kawu ya yi dariyarsa ta dishe. "Shekara arba'in ina bugun dutse da dagi. Wane na ba ya hwaɗa ba?"

Mai hoton ya ajiye biro. Ya ce in akwai ɓarɓashin ƙarfe a idon, na'urar tana iya motsa shi ya makance, don haka sai an fara ɗaukar hoton ƙashi na idanun. Kafin mu yi wannan, sakamako ya fito babu komai, lokacinmu ya wuce, an sa wani. Aka ba mu mako biyu. A mota na kifa kai a kan kujerar gaba har Anka.

Zuwa na uku aka shiga da shi. Ya cire zoben azurfarsa, ya kwance layar da ke damtsensa yana ƙunƙuni, ya ba ni ya ce kada ta taɓa ƙasa. Ni ma aka yi mini tambayoyin, na cire 'yan kunne da fil ɗin hijabi, aka bar ni na tsaya wajen ƙafafunsa. Ɗakin sanyi ƙalau. Na'urar fara ce, ƙatuwa, da rami a tsakiya daidai shigar mutum a kwance. Mai hoton ya ce wasu sukan firgita da ƙuncin, in ya ji ba zai iya ba ya matsa 'yar robar da aka sa masa a hannu. Kawu ya leƙa ramin ya ce, "Wanga? Ga iska, ga hitila." Aka toshe masa kunnuwa, aka rufe kansa da wani abu kamar keji. Da gadon ya fara tafiya na ji ya ce, "To, saki."

Ba ƙuncin ne ya wahalar da shi ba, kwanciyar rigingine ce. An ce kada ya motsa ko kaɗan, shi kuwa yawu yana taruwa ya ƙware shi. Ya yi tari, hoton ya ɓaci, aka jawo shi, ya zauna ya huta, aka mayar. Sau biyu haka. Na'urar kuma tana ta ƙara, ta yi kamar bugun guduma, ta koma kamar gurnani, ta sake sabon salo. Ina riƙe da babban yatsan ƙafarsa. A tsakiya aka yi masa allurar, aka ƙara mayar da shi. Abin ya kai sa'a guda. Da ya fito idanunsa sun jiƙe, na ɗauka tarin ne. Sai da muka zauna a benci ina ɗaura masa layarsa ya ce, bai dube ni ba, "Kin ji ƙaran? Awa injin niƙan nan."

Kwana biyu muka jira a gidan wata 'yar'uwar Inna kafin mu ga babban likita. Ya manna hotunan a jikin wani allo mai haske, baƙaƙe, kan Kawu yanka-yanka kamar albasa. Ya nuna wani abu fari a ƙasa ta gefe guda, bai kai ƙwan kaza ba. Ya yi wa Kawu bayani da Hausa, a hankali, yana magana ta wajen kunnen dama. Ya ce ƙasan ƙoƙon kai kamar daɓe ne mai ƙofofi, ta nan jijiyoyi da manyan hanyoyin jini suke wucewa zuwa wuya. Ƙari ne ya tsiro a ɗaya daga cikin ƙofofin, ya daɗe yana girma a hankali, ya cinye gefen ƙashi, ya matse duk abin da ke bi ta wurin. Dakan da yake ji a kunne, jinin da ke gudu a cikin ƙarin ne. Ya ce ya naɗe babbar hanyar jini, ga shekaru, ga jikin ya rame, fiɗa tana da haɗari ƙwarai. Abin da zai ba da shawara shi ne a je wani gari mai nisa a riƙa haska shi da wata na'ura, makonni a jere, ko zai daina girma. Muryar dai da haɗiyar, da wuya su dawo.

Ni ina ta tambayar yaushe, ina ne, wace takarda. Kawu ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Likita, dalma ta?"

"A'a, Baba. Dalma tana da tata ɓarnar, amma wannan ba aikinta ba ne."

"Ko an yi daka gidana, ko ba a yi ba?"

"Ko ba a yi ba. Irinsa yana fitowa ga mutanen da ba su taɓa ganin dutsen zinari ba."

"Rubuta mani."

Likitan ya ce ai yana cikin rahoto. Kawu ya ce ba na Turanci ba. Likitan ya dube ni, ya dube shi, ya yago takarda ya rubuta layi biyu da Hausa, ya sa hannu.

A tasha muka yi faɗan da ban taɓa yi da shi ba. Ya ce ba inda za shi a haska shi. Na ce to me ya sa muka sha wannan wahalar, sau uku muna sa ranmu a hanya, na bar aikina, na bar yarana wurin maƙwabta, don kawai mu ga hoto? Na ɗaga murya har mutane suka juyo. Ba shi da muryar da zai rama. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, in an haska ni shina maido mani tuwo?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Ya rungume babban ambulan ɗin hotunan a ƙirji, haka ya riƙe shi har Anka. Da muka sauka na nemi babur zuwa ƙauye, ya ce a'a, a nan za mu kwana, gobe Gummi za mu.

Mun sami taubashina da rana tsaka a bakin tasha, a ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana duba tayar babur a cikin baho. Ya ɗago ya gan mu. Ya miƙe, hannuwansa baƙi ƙirin suna ɗiga. Rabonsa da mahaifinsa tun yana da ƙarfinsa, yanzu ga tsoho kafaɗa a zube, riga tana lilo a jikinsa.

Kawu bai jira an ba shi wurin zama ba. Ya zaro hoto ɗaya ya ɗaga shi sama wajen rana. A juye ya riƙe shi, kuma ya dangwala yatsa a kan ido. Na gyara masa, na matsar da yatsan zuwa farin abin.

"Ka gane shi? Shi na. Ƙari na. Ba dalma ba ta." Ya miƙa masa takardar likita. "Karanta."

Taubashina ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya karanta, leɓunansa suna motsi, ya sake karantawa.

Na ɗauka shi ke nan. Kawu ya yi tari ya daɗe, sannan ya matso kusa, don muryar ba ta kai taku biyu.

"Ramin hwarko da anka hiddo dutsen nan, wa yag gina shi? Ni na. Kwana tara ina ciki. Kai ba ka sani ba, ni ban sani ba. Laihin ba naka ba na kai ɗai, kuma maganar da niy yi ma ranar nan bai kamata ta hito bakina ba. Ka yahe mani."

Taubashina ya tsuguna a wurin, cikin ruwan baho da ya zube, ya rufe fuska da hannuwa. Masu babura biyu da ke jiran faci suka tura baburansu suka matsa gaba. Kawu ya dafa kansa, ya tsaya haka, har ƙafafunsa suka gaji na jawo masa tsohuwar taya ya zauna.

Bayan mako guda taubashina ya rufe rumfarsa ya dawo ƙauye. Wata biyar Kawu ya ƙara. Tuwo ya gagara, fura ta gagara, ya koma koko tsararo, cokali-cokali, a zaune, kansa a karkace ta gefen da ke iya haɗiya. Uwar tana damawa, ɗan yana ba shi. Kofi ɗaya yakan ci musu sa'a. Ban taɓa jin sun sake tada maganar ba, ba su ma cika magana ba. In rana ta yi sanyi sai ya ɗauko shi ya fito da shi ƙofar gida, su zauna suna kallon masu dawowa daga gona.

Ni ina zuwa kowace Juma'a in koma Lahadi. Sau biyu ƙwarewar ta sauka masa a huhu, na yi masa allurai ya farfaɗo. Na gaji, gajiyar da ban taɓa sanin irinta ba. Wata rana a kan babur na kama kaina ina tambayar Allah har yaushe, na yi ta istigfari har na sauka.

Zuwana na ƙarshe na ce zan ƙara kwana, don ban ji daɗin numfashinsa ba. Ina zaune kusa da shi ina auna zafin jikinsa, gyangyaɗi ya ɗauke ni a zaune. Na farka na ga yana kallona. Ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa.

"Kin gaji," ya ce. "Tai gida ki kwana. Yayanki na nan."

Na ce ba komai, Kawu. Ya girgiza kai, ya nuna mini ƙofa da haɓa, irin nunin da ba a musa masa. Na ɗauki jakata na tafi Bukkuyum. Na yi barci kuwa, barci mai nauyi, kwana biyu a jere, wanda rabona da shi tun kafin Sakkwato. Ranar Talata ina cikin awon masu ciki wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. Ya ce Kawu ya sha cokali huɗu, ya kawar da kai daga na biyar, ya yi shahada da leɓe, yana jingine a ƙirjinsa.

Na ƙarasa auna matar da ke kwance a gabana, don ta zo daga nesa. Sannan na wanke hannu na fita neman babur.

Ya Allah, bawanka ya sha ƙunci a ƙarƙashin ƙasa don mutane su sha ruwa. Ka yalwata masa inda yake kwance, ka yafe masa zafin bakinsa, ka haɗa shi da jikarsa. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin da za mu ƙarasa.